Yadda Za Ka Ziyarci Ƙurɗuba, Birnin Andalus Na Bakin Kogi

Tun da na dawo daga Ƙurɗuba tambayoyi ba su yanke ba. Wannan ya tambayi biza, wancan kuɗin jirgi, wata baiwar Allah kuma ta ce ita damuwarta ɗaya ce, me za ta ci a can. Tambayar da ta fi kowace yawa ita ce ko ana salla a babban masallacin nan mai ginshiƙai da muke gani a hotuna. Na ga gara in tattara amsoshin wuri guda, in jera su yadda tafiyar take zuwa, daga gida har a dawo gida.

Garin yana kudancin Sifaniya, a bakin kogin da suke kira Guadalquivir, wato Wadil Kabir da bakinsu ya juya. Shi ne garin da aka jingina wa Imamu Ƙurɗubi mai tafsiri, a nan kuma aka haifi Ibn Rushd da Ibn Hazm. A tikiti da taswira za ka ga an rubuta Córdoba. Ka kula tun daga nan, akwai wata Córdoba a Ajantina, kuma ita ce kan fara fitowa idan kana neman tikitin jirgin sama a intanet.

1. Fara da zaɓen wata

Kada ka ce mu mutanen rana ne, zafin Turai ba zai yi mana komai ba. A Yuli da Agusta zafin Ƙurɗuba kan haura digiri 40, an taɓa auna kusan 47. A gida idan rana ta take kana da inuwarka da tabarmarka, a can kuwa yawo ka je yi a ƙafa, kan duwatsun da suka sha rana tun safe. Watannin da na fi so wa baƙo su ne Maris, Afrilu, Oktoba da Nuwamba. Disamba da Janairu ma ba laifi, otal na sauƙi kuma mutane ba yawa, sai dai sanyin dare ya fi na hunturunmu cizo, ga ruwan sama jefi-jefi.

Mayu shi ne watan da garin ya fi kyau, shi ne kuma ya fi tsada. A farkon watan ake bikin tsakar gidaje na kusan mako biyu, inda masu gida ke buɗe ƙofa kowa ya shiga ya ga tukwanen furanni da suka lulluɓe bango. Idan shi kake so, ka kama ɗaki tun watanni kafin lokacin.

Gargaɗi: kada ka sa Litinin cikin ranakun yawonka idan kwanakinka kaɗan ne. Babban masallacin a buɗe yake, amma fadar da ke kusa da shi da kufan Madinatuz Zahra duk a rufe suke ran Litinin.

Ka ware wa garin kwana biyu cur, wato dare biyu ko uku. Masu zuwa da hantsi daga Madrid su koma da la'asar suna ganin masallacin ne a lokacin da ya fi cunkushewa, su tafi ba su ga kogin da yamma ba.

2. Biza

Nan ne aikin yake, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Bizar da kake nema ita ce ta Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya har da Sifaniya, ta ɗan gajeren zama. Ana iya shigar da takardu tun saura wata shida tafiya. A ƙa'ida amsa kan fito cikin kwana 15, amma tana iya kai kwana 45, ban da jiran samun ranar ganawa, wanda shi ne ya fi cin lokaci. Ka fara da saura wata uku ko huɗu.

Kuɗin biza yuro 90 ne ga babba, 45 ga yaro ɗan shekara 6 zuwa 12. Akwai kuma ladan cibiyar da ofishin jakadanci ya wakilta wajen karɓar takardu. Idan an hana ka, kuɗin nan ba ya dawowa.

Abubuwan da za ka haɗa:

- Fasfo da aka yi cikin shekara 10 da suka wuce, mai shafi biyu a ƙalla da ba a buga komai ba, wanda zai ƙara wata uku bayan ranar da za ka baro Turai kafin ya mutu.
- Inshorar lafiya ta tafiya da ta kai yuro 30,000, mai aiki a duk ƙasashen Shengen, ta kuma rufe dukan kwanakinka.
- Shaidar kama kujerar jirgi, zuwa da dawowa, da shaidar kama ɗaki na kowane dare.
- Takardar shige da ficen kuɗi daga bankinka ta watannin baya, da hatimin banki.
- Wasiƙar wurin aiki da ta nuna an ba ka hutu, ko takardun rajistar kasuwancinka.
- Ɗan taƙaitaccen bayani na inda za ka kwana da abin da za ka yi kowace rana.

Sifaniya tana son ta ga kana da abin da ya ɗara yuro 100 na kowace rana, kuma ko kwana uku za ka yi jimillar ta ɗara yuro 1,000. Adadin yana ɗan hawa duk shekara, don haka ka duba shafin ofishin jakadancin kafin ka buga takardar banki.

Gargaɗi na farko: kada ka ari kuɗi ka zuba a asusu ana saura mako guda. Asusun da ya yi wata biyar yana fama da ƙananan kuɗi, sai kwatsam miliyoyi suka faɗo, shi ne abin da mai duba takarda ke fara gani. Gara kuɗi matsakaici da ake ganin hanyar shigowarsa.

Na biyu: ka nemi biza a ƙasar da za ka fi daɗewa. Wasu kan karɓi ta wata ƙasa don an ce ta fi sauƙi, alhali Sifaniya suka nufa. Ana iya tsare ka da tambaya a kan iyaka, kuma yana iya ɓata maka nema na gaba.

Na uku, wanda ya fi ci mini rai: masu cewa ka kawo kuɗi suna da hanya. Babu wanda ke da hanya. Mutum na iya taimaka maka cike fom, amma da zarar ya kawo maka takardar otal ko ta banki ta bogi, sunanka ne zai shiga kundi da hoton yatsunka, ba nasa ba.

Kada ka biya cikakken kuɗin tikitin da ba a mayarwa sai biza ta fito. Otal ma ka zaɓi wanda ake iya sokewa kyauta.

3. Jirgin sama da haɗa kaya

Ka nufi Madrid ko Malaga, daga nan ka hau jirgin ƙasa. Daga wajenmu yawanci sai an yada zango, a Kasablanka, Santambul, Alƙahira ko Adis Ababa. Ka sayi tafiyar a tikiti guda domin kayanka su wuce kai tsaye, kuma idan jirgin farko ya makara kamfanin ne zai nema maka na gaba. Ka bar a ƙalla awa biyu tsakanin jirgi da jirgi.

Gargaɗi: kilishi, dambun nama, man shanu, cuku, duk haramun ne shiga da su Tarayyar Turai. Na san Bahaushe ba ya tafiya ba guzuri, amma nama da duk abin da aka yi da madara za a karɓe, wani lokacin har da tara. Yajinka da garin kunu ba su cikin wannan hani. Turare kuwa, kwalbar da ta wuce mililita 100 ka sa ta a babbar jaka, idan ka bar ta a ta hannu a wurin bincike za ta tsaya.

Kada ka manta da takalmi mai taushin ƙasa wanda ƙafarka ta riga ta saba da shi, ƙaramar darduma mai naɗewa, da gorar ruwa da za ta zame maka buta, don ba za ka samu buta a bayi ba. Soket ɗinsu mai ramuka biyu zagayayyu ne. Mutanen Nijar cajarsu za ta shiga, ɗan Najeriya da ɗan Gana masu caja mai ƙafa uku sai sun sayi adafta, kuma ta fi araha a gida.

Kuɗi ka raba biyu, tsaba da kati. Ka tambayi bankinka tun a gida ko katinka zai yi aiki a waje da iyakar abin da zai cire. Tsabar ka nemi ƙananan takardu, 10 da 20 da 50, domin masu shaguna da yawa ba sa son karɓar takardar 200. Duk wanda ya shiga da yuro 10,000 ko fiye dole ya bayyana a kwastan. Masu sefa lissafinsu a tsaye yake, yuro ɗaya sefa 656 ne in an cika.

Takardun da ka kai wa ofishin biza ka buga kwafinsu ka riƙe a jakar hannu. Biza ba ta hana jami'in kan iyaka ya ce ka nuna otal da tikitin komawa.

4. Daga Madrid zuwa Ƙurɗuba

Daga filin jirgin Barajas tashar Atocha za ka nufa. Akwai bas na musamman da ke kai wa can a kan kusan yuro 5, akwai jirgin ƙasa na cikin gari daga tasha ta 4 ta filin jirgin, tasi kuma kuɗinta a yanke yake zuwa tsakiyar gari, yuro 30 da 'yan kai. Idan kana da iyali da manyan jakunkuna, tasi ta fi.

Jirgin ƙasa mai gudu yana kai ka Ƙurɗuba cikin awa biyu ko ƙasa da haka. Kamfanonin su ne Renfe, Iryo da Ouigo. Farashi kamar na jirgin sama yake, wanda ya saya da wuri na iya samu a kan yuro 20 zuwa 30, wanda ya jira ranar tafiya ya biya ninki biyu ko uku. Daga Malaga tafiyar kusan awa guda ce, daga Sebiya minti 45.

Gargaɗi: kada ka sayi jirgin ƙasan da zai tashi awa guda bayan saukarka. Layin duba fasfo, jiran jaka da hanyar tasha za su cinye wannan awar har su nemi ƙari. Ka bar awa uku zuwa huɗu. A tashar ma ana sa jaka a na'urar bincike, kuma ana rufe ƙofa minti biyu kafin tashi. Idan an rubuta 14:05, to 14:05 ɗin ne. A tikitin akwai *coche*, lambar tarago ke nan, da *plaza* ko *asiento*, lambar kujera. Mafi arhan tikiti kan iyakance girman jaka, ka karanta kafin ka biya.

Jirgin ba a Ƙurɗuba yake ƙarewa ba, minti kaɗan yake tsayawa ya wuce. Da ka ji an ambaci sunan garin ka sauko da kayanka ka tsaya bakin ƙofa.

5. Masauki

Daga tasha zuwa tsohon gari tafiyar minti 20 zuwa 25 ce a ƙafa, tasi kuma ba ta cika wuce yuro 10 ba. Unguwar da ta kewaye masallacin ana ce mata Judería. Lungunanta kamar na cikin birnin Kano ne ko Zinder, wasu mota ba ta shiga, don haka direba na iya ajiye ka a bakin lungu ka ja jakarka kan duwatsu. Mai tafiya da tsoho ko mai manyan kaya ya nemi otal wajen dandalin Tendillas ko titin Victoria, minti 10 ne zuwa masallacin kuma mota na kai wa ƙofa.

Abin da na gani, ɗaki mai tsafta na mutum biyu yana kamawa daga yuro 60 zuwa 100 a dare idan ba lokacin biki ba ne. Ka tabbata akwai na'urar sanyaya ɗaki, ka tambayi lifta idan gwiwa na damun ka, domin tsofaffin gidaje da yawa matakala ce kawai. Za a nemi fasfon kowa a wurin karɓar baƙi, doka ce.

6. Babban masallacin

Sunansa a allunan hanya Mezquita-Catedral. Abdurrahman ɗan Mu'awiya, wanda ake ce wa Ad-Dakhil, ya fara gina shi wajen shekarar 785, waɗanda suka biyo shi suka yi ta faɗaɗawa. Tun 1236 da garin ya bar hannun Musulmi ya koma coci, kuma har yau cocin Katolika ke riƙe da shi.

Ga amsar tambayar da aka fi yi mini: ba a barin Musulmi ya yi salla a ciki. Ina so ka san wannan tun kana gida, don kada ya same ka ba shiri. A gabana wani dattijo ya tsaya kusa da mihrabi ya ɗaga hannu zai yi kabbara, kafin ya sauke mai gadi ya iso ya taɓa kafaɗarsa ya girgiza kai. Dattijon bai ce uffan ba, ya sauke hannu, ya daɗe a tsaye yana kallon rubutun da ke saman mihrabin, hawaye na bin gemunsa. Ni ma sai da zuciyata ta karye. Kada ka ja da masu gadi, aikin da aka sa su suke yi, kuma jayayya fitar da kai kawai za ta sa a yi. Zikiri da addu'a a zuci ba mai hana ka.

Yadda za ka tsara shigarka:

Da sanyin safiya ake kama fara. Litinin zuwa Asabar, daga 8:30 zuwa 9:30 na safe, ana shiga kyauta ga ɗaiɗaikun mutane, ban da ayarin 'yan yawon buɗe ido, sai dai in wani bikin coci ya faɗo ranar. Ka kasance a bakin ƙofa tun 8:15. Lokacin ba surutu, hasken safiya na ratsowa tsakanin ginshiƙai fiye da 850, bakunansu hawa biyu, ja da fari. Ana fara sallamar mutane kafin awar ta cika, saboda haka da ka shiga kada ka tsaya ɗaukar hoto a bakin ƙofa. Ka miƙe can ƙurya zuwa mihrabi tukuna, ka gan shi kafin mutane su taru. Halifa Alhakam na biyu ne ya gina shi a shekarun 960, da ƙananan duwatsun gilashi masu ruwan zinare da ayoyi a rubutun Kufi. Akwai shingen ƙarfe a gabansa, daga nan za ka tsaya. Ka ɗaga kai ka dubi ƙubbar da ke samansa, mutane da yawa kan wuce ba su kalle ta ba.

Minti 50 ba sa isa. Shawarata ka koma karo na biyu da tikiti, da yamma wajen ƙarfe 4 ko 5 idan ayari sun ragu. A 2024 tikitin babba yuro 13 ne. Ka saya a shafin hukumar ginin ko a tsakar gidan masallacin. Akwai shafuka masu kama da na hukuma da ke ɗora riba mai yawa, ka duba da kyau kafin ka sa lambar katinka. Ran Lahadi ana rufe wa baƙi da tsakar rana saboda ibadar coci.

A tsakiyar ginin za ka ci karo da cocin da aka fara ginawa a 1523, da gumaka da hotuna a ɗakunan da ke jikin bango. Ka sanar da yara da iyayen da ka zo da su tun kafin ku shiga. Mata na shiga da hijabinsu, namiji kuwa mai gadi na iya cewa ya cire hula. Ba a shiga da babbar jaka.

Hasumiyar ƙararrawa tikitinta daban, yuro 3 a 2024, ana hawa rukuni-rukuni duk rabin awa, kuma gurbi na ƙarewa da wuri. Tsohuwar hasumiyar kiran salla tana cikin cikinta, kana hawa kana ganin ragowar bangonta. Tsakar gidan mai itatuwan lemo kyauta ce. Lemon na ɗaci ne, kada ka tsinka.

Gargaɗi: a kewayen masallacin akwai mata masu miƙo wa baƙo ɗan reshen ganye mai ƙamshi kamar kyauta. Da ka karɓa sai ta riƙe hannunka ta fara duba, ta ƙare da neman kuɗi. Kada ka miƙa hannu, ka ce *no, gracias* ka wuce. Wayarka da fasfo su kasance a aljihun gaba.

7. Ina za ka yi salla?

Akwai ƙaramin masallaci da ake kira Morabito a cikin lambun dandalin Colón, tsakanin tashar jirgin ƙasa da tsohon gari, fari mai ƙubba. Wurin ƙarami ne, ran Juma'a ka je da wuri. Ba lallai ka same shi a buɗe tsakanin salloli ba, ka duba lokutan da aka liƙa a ƙofa.

Kuskure biyu ake yawan yi. Na farko alƙibla. Mihrabin babban masallacin kudu ya fuskanta, don haka kada ka kwatanta da shi idan ka koma ɗakinka. Alƙibla daga Ƙurɗuba gabas ce da ɗan karkata kudu, ka sa manhajar waya ta nuna maka. Na biyu lokaci. Ba za ka ji kiran salla ba, kuma agogonsu ya sha bamban da ranarsu. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba suna gaban Najeriya da Nijar da awa ɗaya, azahar kan shiga bayan ƙarfe 2, a watan Yuni kuma magariba sai wajen 9:40 na dare. A hunturu agogonmu ɗaya da su, amma rana ba ta fitowa sai wajen 8:30. Da ka sauka ka sauya gari a manhajar salla.

8. Gada da bakin kogi

Wannan na yamma ne. Saura awa guda rana ta faɗi, ka bi bayan masallacin ka gangara, ka wuce ta babbar ƙofar dutse da ake kira Puerta del Puente, sai ga ka a kan gadar Rumawa mai baka 16. Mota ba ta bi, ta masu ƙafa ce. Ruwan kogin ja-ja ne kamar na gulbi da damina, da tsibirai masu ciyayi da tsuntsaye ke kwana a ciki, da kufan injinan niƙa na da. Ta hannun dama a gaɓar gari akwai wani ƙaton gargare na katako da ake kira Albolafia, irin wanda ruwa ke juyawa yana ɗebo kansa zuwa lambu.

Kada ka tsaya a tsakiyar gada ka juyo kamar yadda yawanci ke yi. Ka ƙarasa tsallake, inda hasumiyar Calahorra take, ka sauka ka ɗan bi gaɓa, sannan ka waiwayo. Daga nan ne za ka ga garin gaba ɗaya, gada a gaba, bangon masallaci a bayanta, duwatsun Sierra Morena can nesa. Na zauna a wurin har aka kunna fitilu, bangon ya tashi daga ruwan ƙasa ya koma ruwan zuma, inuwarsa na rawa a cikin kogi. Ba a biyan ko sisi, kuma shi ne abin da ya fi zauna mini a rai bayan mihrabin. A cikin hasumiyar akwai ɗan gidan tarihi na rayuwar Andalus, samanta kuma wurin hoto ne mai kyau.

Da rana kafin wannan, ka shiga Alcázar, fadar da aka gina a 1328, don lambunanta da tafkunanta. Daga nan ka bi jikin ganuwa ta titin Cairuán inda mutum-mutumin Ibn Rushd yake zaune, na Ibn Hazm kuma yana wajen ƙofar Sevilla. Majami'ar Yahudawa ta 1315 na titin Judíos, minti 10 sun ishe ta.

9. Abinci

Naman alade ya ratsa girkinsu ta inda ba ka zato, don haka ka haddace kalmomin nan: *cerdo* alade, *jamón* busasshiyar cinyarsa, *chorizo* da *tocino* duk shi ne, *manteca* kitsensa, *vino* giya. *Sin* na nufin ban da.

Abincin da garin ya yi suna da shi, *salmorejo*, miyar tumatir ce mai sanyi da kauri da aka niƙa da burodi, tafarnuwa da man zaitun. Ita kanta ba komai, amma ana barbaɗa mata *jamón* a kai, sai ka ce *sin jamón* tun wurin oda. *Flamenquín* alade ne zalla. *Rabo de toro*, wutsiyar sa, da giya ake dafa ta. Kek ɗin da ake kira *pastel cordobés* akan sa masa kitsen alade. Cewa ba ka cin nama ba ta wadatar, domin wasunsu ba sa lissafa ɗan barbaɗen *jamón* a matsayin nama.

Abin da za ka ci hankali kwance: soyayyen kifi, wainar ƙwai da dankali da suke kira *tortilla de patatas*, soyayyen gauta da zumar rake wato *berenjenas con miel*, zaitun da burodi. A lungunan kewayen masallacin akwai gidajen abinci da na shayi na 'yan Maroko, da yawansu sun rubuta halal a ƙofa, ka tambaya ka tabbatar.

Abincin rana daga 1:30 zuwa 4 ne, na dare ba ya farawa sai 8:30. Tsakanin nan kicin a rufe yake a mafi yawan wurare. Ka ci mai nauyi da rana, ka nemi *menú del día*, kwano biyu da abin sha a kan kusan yuro 12 zuwa 16, ya fi araha idan ka ɗan nisanci masallacin. Ruwan famfo ana sha. Manyan kantuna ba sa buɗewa ran Lahadi, ka yi sayayyarka tun Asabar.

10. Madinatuz Zahra

Safiyar rana ta biyu ka ba wa wannan. Kufan birnin da Halifa Abdurrahman na uku ya fara ginawa wajen 936 ne, kilomita 8 yamma da gari, a alluna Medina Azahara. Akwai bas na baƙi da ke tashi daga titin Victoria, kusan yuro 10 zuwa da dawowa, ana sayen tikitinsa tun kafin ranar a ofishin yawon buɗe ido ko intanet. Kuɗin shiga ga wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba yuro 1.50 ne.

Bas ɗin a gidan tarihi na ƙasa yake ajiye ka, wata mota ce ke hawa da kai kufan. Ka fara kallon ɗan fim ɗin da ake nunawa a ƙasa, in ba haka ba duwatsu kawai za ka gani. Sama babu inuwa, ka tafi da ruwa da lema, ka kuma riƙe lokacin komawar bas, ba ya jiran kowa.

11. Tsaraba da komawa

An san garin da aikin fata da na azurfa. Akwai kasuwar masu sana'a, Zoco, a titin Judíos, inda za ka ga mai aikin a zaune. Farashi a rubuce yake, ba a tayawa kamar a Kurmi. Man zaitun tsaraba ce mai kyau, ka saya a kantin unguwa, ka naɗe a leda ka sa a babbar jaka. Idan na'urar biyan kuɗi ta tambaye ka yuro ko kuɗin ƙasarka, zaɓi yuro, canjin na'urar ya fi na bankinka tsada.

Ban da otal da jirgin ƙasa, yuro 40 zuwa 60 a rana suna isar mutum ɗaya, ci da shiga wurare. Lambar gaggawa 112 ce.

Ka dubi bizarka da kyau: akwai ranar farawa da ta ƙarewa, akwai kuma adadin kwanakin da aka ba ka, kuma ranar shiga da ta fita duk ana ƙirga su. Idan jirginka na safe ne, kada ka kwana a Ƙurɗuba a daren ƙarshe. Ka hau jirgin ƙasa tun yammacin jajibere ka kwana a Madrid, ka isa filin jirgi saura awa uku, ka kuma duba lambar tashar da jirginka zai tashi, domin tsakanin ta 4 da sauran ukun sai an hau bas.